Malam Ibrahim Na Kano, Wanda Ya Nemi Almasihu

Mutumin da za mu ba da labarinsa a wannan wata bai taɓa shiga majami'a ba. Ba a yi masa baftisma ba, bai taɓa zama gaban mai bishara ba, sunansa kuma ba ya cikin littafin kowace ekklesiya. Duk da haka ya ba da ransa a tsakiyar kasuwar Kano saboda sunan Isa Almasihu, shekaru da yawa kafin masu bishara na fari su ga ganuwar birnin. Sunansa Malam Ibrahim. Labarinsa ya iso gare mu ta bakin zuriyar almajiransa, waɗanda suka ba Likita Mila a Zariya, shi kuwa ya rubuta. Ya kamata kowane mai bi ya san wannan labari, gama yana sa mu tsaya mu yi wa kanmu tambaya mai nauyi: mene ne ainihin abin da mutum zai gaskata kafin a ce da shi Kirista?

Kano A Zamaninsa

A tsakiyar ƙarni na 19 Kano ita ce uwar kasuwannin ƙasar Hausa. Baturen nan na Jamus mai suna Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka a birnin cikin 1851, ya kimanta mazaunansa za su kai 30,000. Ayarin raƙuma na zuwa daga Tarabulus ta hanyar Agadas, fatake na kawo goro daga Gwanja, baƙin rini na Kano kuwa yana tafiya har ƙasashe masu nisa. Ba ciniki kaɗai ba, Kano gari ne na malamai. Kowace unguwa da zaurenta na karatu, almajirai suna zuwa daga gabas da yamma.

Cikin waɗannan malamai Malam Ibrahim ya ke. Masani ne, har a fada an san da zamansa. Sarkin Kano a lokacin shi ne Abdullahi Maje Karofi ɗan Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1855.

Zamanin kuwa ba na kwanciyar hankali ba ne. Tun wajen 1846 waɗansu malamai, da shugabansu Malam Hamza na Tsakuwa, suka saɓa da hukumar Kano a kan kuɗin ƙasa, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi. Can suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Fa'awa, suka kafa mulki na kansu, suka yi ta kai hari a ƙasar Kano da ta Bauci. Mu da mu ke zaune a Maruta da sauran ƙasar Gwaram da Birnin Kudu ba baƙi ba ne ga wannan tarihi, gama garuruwan kudancin Kano su ne a bakin hanyar Ningawa. Sarki Abdullahi ya sha fita yaƙi da su. Saboda haka duk malamin da ya fara tara jama'a da wata koyarwa dabam, dole fada ta sa masa ido.

Abin Da Ya Gani Cikin Karatunsa

Malam Ibrahim ba shi da wani littafi da ya fi sani kamar Alƙur'ani. Cikin bin ayoyinsa ne hankalinsa ya tsaya a kan Isa ɗan Maryamu, wanda aka ambaci sunansa sau 25 a ciki. Ya ga an ce budurwa ce ta haife shi, ba shi da uba cikin mutane. Ya ga an kira shi Almasihu, an kira shi Kalma daga Allah, da Ruhu daga gare shi. Ya ga an ce ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu da izinin Allah, a ƙarshe kuma Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. Ya kuma san abin da malamai su ke koyarwa, cewa Isa zai komo duniya kafin tashin kiyama.

Dubban malamai sun karanta waɗannan wurare kafinsa, sun wuce. Shi dai ya kāsa wucewa. Ya yi ta juya al'amarin a zuciyarsa: in mutum ya shigo duniya ta wannan hanya, ya yi waɗannan ayyuka, yana nan da rai, shi ne kuma a ke jira a ƙarshen zamani, to, wane irin matsayi ke gare shi? Kwanci tashi ya tabbata a ransa cewa Isa ya fi dukan annabawa, shi ne ya cancanci a bi, shi ne kuma ya cancanci a jira.

Bai rufe abin a cikinsa ba. Ya fara faɗa wa almajiransa, su kuma suka faɗa wa waɗansu. Jama'a ta taru a kansa, aka riƙa ce da su Isawa, waɗansu kuma su ce Bani Isra'ila. Ba su bar salla ba, ba su bar yawancin al'adun da suka tashi a ciki ba, amma sun ɗaukaka sunan Isa bisa kowane suna, suna sauraron komowarsa.

Ga wani abin tausayi. A daidai waɗannan shekaru, can a Ingila, wani mai bishara Bajamushe mai suna Schön ya riga ya juya Bisharar Matiyu da Hausa, an kuma buga ta tun kafin 1860. Cikin 1864 aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop, yana aikin bishara a bakin Kwara. Ashe abin da Malam Ibrahim ke ƙishi yana nan a rubuce cikin harshensa, sai dai babu wanda ya kai masa.

Kasuwar Kurmi

Magana ba ta ɓuya a birni. Aka kai ƙararsa, aka kira shi gaban hukuma, aka ce ya janye koyarwarsa, ya furta kalmar shahada cikakkiya kamar kowa, a sake shi. Ya ƙi. Ba yaro ba ne, ya san hukuncin wanda aka ce ya yi ridda, ya san kuma kalma kaɗan za ta fisshe shi. Amma ya ga ba shi da ikon musun abin da zuciyarsa ta tabbatar.

Aka yanke masa hukuncin kisa. Wajen shekara ta 1867 aka kai shi kasuwar Kurmi, aka tsire shi a gaban jama'a, domin ya zama ishara ga masu binsa. Zuriyar almajiransa sun riƙe cewa kafin ya mutu ya gargaɗi mutanensa su bar birni, ya kuma ƙarfafa su da cewa Allah zai aiko da masu bayyana musu cikakkiyar gaskiya a kan Isa.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan labari ya mai da shi dalilin ƙin maƙwabcinsa Musulmi. Masu mulki a ƙasashe da yawa sun kashe mutane saboda bangaskiya, har da waɗanda su ke kiran kansu Kirista. William Tyndale, wanda ya juya Sabon Alkawari da Turanci, an shaƙe shi an ƙone gawarsa cikin 1536, a hannun masu amsa sunan Almasihu. Zunubi ba shi da ƙabila. Ubangijinmu kuwa ya roƙa wa masu gicciye shi gafara, mu ma hanyarmu ke nan.

Isawa Cikin Duwatsu

Bayan mutuwarsa almajirai suka watse. Waɗansu suka nufi ƙasar Ningi, inda hannun Kano ba ya kaiwa, waɗansu suka ɓuya cikin ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Wani malami mai suna Yahaya ya riƙe su bayansa. Suka zauna suna noma, suna aure a tsakaninsu, suna gaya wa 'ya'yansu labarin Malam Ibrahim da alkawarin da ya bar musu.

Shekara ta bi shekara. Waɗanda suka gan shi da ido suka tsufa suka mutu. Cikin 1900 Bishop Tugwell da abokan tafiyarsa huɗu na mishan ɗin C.M.S. suka iso Kano, amma Sarki Alu ya umurce su su fita cikin kwana uku. Ɗaya daga cikinsu shi ne Likita Walter Miller, wanda Hausawa su ke kira Likita Mila. Bai karai ba. Cikin 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya duƙufa kan juya Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ya yi shekaru yana shuka, girbin kuwa kaɗan ne.

Ana nan cikin 1913 sai samari biyu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Suka ba shi labarin kakanninsu, suka nemi a koya musu abin da ke rubuce a kan Isa. Wajen shekara 46 ke nan da mutuwar Malam Ibrahim. Hausawa sun ce mai nema yana tare da samu. Aka aika masu bishara ƙauyukansu, mutane da yawa suka ji suka ba da gaskiya. Aka tara su a Gimi cikin ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauye na masu bi, da majami'a da makaranta, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan mai suna Thompson yana kiwonsu.

Amma gwaji bai ƙare ba. Cutar barci ta faɗa wa Gimi, ta kashe mutane da yawa cikin 'yan shekaru, har ya zama dole a tashi daga wurin. Waɗanda suka ragu suka koma Zariya, daga baya kuma da mishan ya ƙaura zuwa Wusasa cikin 1929, zuriyarsu ta zama cikin tushen ekklesiyar can. Ɗaya daga cikin wannan zuriya shi ne Farfesa Ishaya Audu, likita, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Likita Mila kuwa ya ga an buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932, ya rasu cikin 1952.

Abin Da Ya Rage Musu

Yanzu sai mu tambaya, tun da Isawa sun riga sun ƙaunaci Isa, har shugabansu ya mutu dominsa, me kuma aka koya musu a Zariya da Gimi? Amsar wannan tambaya ita ce ainihin bangaskiyar Kirista.

Na ɗaya, sun san Isa babba ne, amma ba su san shi Ɗan Allah ne ba. Ekklesiya tana shaida Allah ɗaya ne, babu wani sai shi, cikin wannan ɗayantaka kuwa akwai Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ba haihuwa irin ta jiki mu ke nufi ba, Allah ya tsare. Muna nufin Kalman nan da ke tare da Allah tun fil'azal ya ɗauki jiki ya zauna a cikinmu, kamar yadda Yohanna ya bayyana a farkon Bishararsa. Yesu cikakken Allah ne, cikakken mutum kuma.

Na biyu, ba su san gicciye ba. Koyarwar da suka gāda ta ce ba a kashe Isa ba. Bisharu huɗu kuwa duka sun shaida ya mutu a kan gicciye a zamanin Bilatus Babunti, aka binne shi. Mutuwarsa ba tsautsayi ba ce, hadaya ce domin zunubanmu.

Na uku, tun da ba su san mutuwarsa ba, ba su san tashinsa ba. A rana ta uku ya tashi da jiki, almajirai suka gan shi, suka ci abinci tare da shi. Manzo Bulus ya nuna cikin 1 Korintiyawa sura 15 cewa a kan wannan ne dukan ginin ya tsaya, in an cire shi ba abin da zai saura.

Na huɗu, suna neman yardar Allah ta wurin ibada da kyawawan ayyuka. Bishara ta nuna musu ceto kyauta ne, ana karɓarsa ta wurin tuba da bangaskiya. Kyawawan ayyuka 'ya'yan itace ne, ba saiwa ba.

Na biyar, suna jiran komowarsa, a nan kam sun yi daidai. Abin da aka ƙara musu shi ne, wanda zai komo shi ne zai yi wa masu rai da matattu shari'a, matattu za su tashi, masu bi kuma su shiga rai madawwami.

Dukan waɗannan daga Littafi Mai Tsarki su ke, shi ne ma'auninmu. Wanda ya gaskata su yakan shaida a fili ta wurin baftisma, ya shiga zumuntar ekklesiya.

Ba Turawan mishan suka ƙago waɗannan abubuwa ba. Tun cikin shekara ta 325 shugabannin ekklesiya suka taru a birnin Nikiya saboda wani mai suna Ariyus, wanda ya ke girmama Yesu ƙwarai amma yana cewa halitta ne, ba Allah ba. Taron ya ƙi koyarwarsa, ya rubuta shaidar bangaskiya wadda aka cika ta a Kustantiniya cikin 381. Wanda ya fi kowa tsayawa a kan wannan gaskiya ɗan Afirka ne, Atanasiyus bishop na Iskandariya a Masar, wanda aka kore shi daga kujerarsa har sau biyar bai ja da baya ba. Dalilinsa kuwa a fili ya ke: in Yesu halitta ne kamarmu, ba shi da ikon cetonmu, gama Allah kaɗai ke gafarta zunubi. Wannan shaida, tare da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da mu ke furtawa a sujada, ita ce ta haɗa masu bi na darikoki dabam dabam, ko da sun bambanta a kan tsarin sujada da shugabanci.

To, Malam Ibrahim Kirista Ne?

In muka auna da abin da ekklesiya ke shaidawa, ba mu da ikon cewa ya san waɗannan duka, gama ba wanda ya gaya masa. Ba za mu rubuta shi cikin littafin masu baftisma ba. Amma littafin rai ba a hannunmu ya ke ba. Mai Shari'ar dukan duniya ya san hasken da kowane mutum ya samu, ya kuma san abin da ya yi da shi.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutane irinsa. Karniliyus, cikin Ayyukan Manzanni sura 10, mai tsoron Allah ne, mai addu'a da sadaka. Allah ya kula da shi, amma bai bar shi haka ba, ya aika masa da Bitrus. Afolos, cikin sura 18, yana koyarwa a kan Yesu da himma, amma baftismar Yohanna kaɗai ya sani, sai Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara fahimtar da shi. Baban nan na Habasha yana karanta annabi Ishaya a cikin karusarsa bai gane ba, sai da Filibus ya zauna tare da shi. A cikin ukun nan Allah bai rena neman mai nema ba, bai kuma ce neman ya isa ba. Haka ya yi da Isawa. Malam Ibrahim ya ga ƙofa ya nuna ta da ransa, zuriyar almajiransa suka shiga.

Abin lura kuma, da Isawa suka ji bishara ba su ce abin da kakanninsu suka sani ya ishe su ba. Sun gane cewa girmama Isa dabam, saninsa Mai Ceto dabam.

Namu Rabo

A ƙasarmu masu bi kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Sau da yawa maƙwabci mai kirki yakan ce shi ma ya yarda da Annabi Isa, ya tambaya me ya raba mu. Wannan tambaya ce mai kyau, ta kuma cancanci amsa mai kyau, cikin ladabi ba tare da gardama ba. Masu bi nawa ne cikinmu za su iya ba da ita? 'Ya'yanmu da ke makaranta fa, in aka tambaye su, me za su ce?

Akwai masu zaton sunan yanka ne ke mai da mutum Kirista, wai tun da a ke kiransa Bitrus ko Rifkatu shi ke nan. Akwai masu dogara ga haihuwa, wai ubansu dattijon ekklesiya ne. Akwai masu dogara ga katin baftisma da ke cikin akwati, ko rigar zumuntar mata, ko zuwa sujada ran Kirsimati. Waɗannan ba laifi ba ne, amma ba ɗayansu da ya mutu dominmu. A Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista, ba domin ƙabilarsu ba, gama Yahudawa ne da Helenawa a gauraye, sai domin an ga Almasihu ne maganarsu, shi ne kuma tafarkinsu.

Malam Ibrahim yana da ɗan haske kamar na aci-bal-bal, ya bi shi har bakin mutuwa. Mu muna da littattafai 66 cikin harshenmu tun 1932, waɗansunmu kuwa ƙura ta rufe nasu. Ubangiji ya yi kashedi cewa wanda aka ba da yawa, da yawa za a nema a hannunsa.

Saboda haka ina roƙon iyaye su koya wa 'ya'yansu Shaidar Bangaskiya a gida, ba haddacewa kawai ba, har da ma'anar kowane sashe. Fastoci da malaman ajin baftisma kada su yi gaggawa, su tabbata mai neman baftisma ya san wanda ya gaskata. Kowane mai bi kuma ya tuna, mai yiwuwa ne a ƙauyensa ko a kasuwarsu akwai wani mai nema kamar Malam Ibrahim, yana jiran wanda zai zauna da shi ya buɗe masa Littafi. Isawa sun jira shekara 46. Kada maƙwabcinka ya jira haka saboda shirunka.

Allah ya ba mu zuciya mai riƙon gaskiya, da baki mai faɗinta cikin ƙauna. Amin.